Injiniya Ya Shayar da Layin Ƙishirwa

Masu bibiyata, ku gyara zama, yau ba doguwar gaisuwa, abin da ke cikina ya fi ƙarfinta. Wadda ta shigo yanzu ta matso kusa: ni ce ɗalibar nan da ake kira Mai Ganye a gidanmu, wadda ake shirin aurenta da Injiniya. A makon nan na gane mutum zai iya yi miki ɓarna da zuciya ɗaya, yana murmushi, har ya turo miki hoto.

Bari in fara da ganyen, tunda shi ne tushen rigimar. Ba ma ganye ba ne, Umma ce ta laƙaba masa. Fure ne da ake kira okid, irin wanda ba ruwansa da ƙasa, a jikin bishiya yake maƙalewa. Karansa gaɓa-gaɓa ne kamar ƙaramin rake, in ka tauna sai bakinka ya cika da yauƙi irin na kuɓewa. A wasu ƙasashe masu magani suna busar da karan su dafa, kuma yauƙin nan suke nema. Sukari ne da ya sarƙe da ɗan'uwansa ya yi tsawo, mu a ɗakin gwaji folisakarayid muke ce masa. Umma ta ce in na kuskura na furta wannan sunan a gaban surukaina, za su aika a kira mai ruƙiyya.

Aikina na digiri na biyu shi ne in gano waɗanne ƙwayoyin gado ne a cikin karan suke ba da umarnin a ƙera yauƙin. Ƙwayoyin gado ba kullum suke aiki ba, wasu barci suke yi sai wani abu ya tashe su. Ni da Farfesa, matar da ke duba aikina, muna zargin ƙishirwa ce ke tayar da waɗannan, don furen ya tara yauƙin da zai riƙe masa ruwa. Saboda haka na jera su cikin tukwane masu ɓawon itace, layi biyu, a ɗakin gilashin makaranta. Layi ɗaya 'yan gata ne, bututu na ɗigo musu ruwa safe da yamma. Ɗaya kuwa tun watannin baya nake rage masa ruwa da kaɗan-kaɗan, daga ƙarshe na rufe famfonsa na ɗaure da waya. Shi ne layin ƙishirwa. Dabarar ita ce a yanki karan yana tsaka da jin jiki, a tsoma shi nan take cikin wani ruwa mai tsananin sanyi, a kama ƙwayoyin idonsu biyu. In ruwa ya taɓa saiwar kafin a yanka, sai su koma barci, ka zo ka tarar da wayam.

Ran Litinin zan yi yankan. Daga nan sai rubutu, sai aure, sai in bi Injiniya can nesa inda aka tura shi aiki. Haka Baba ya tsara da kawun Injiniya, kuma Baba in ya yi magana ya yi.

Shi Injiniya sana'arsa ruwa ce. Rijiyar burtsatse, tanki, bututu, duk inda ƙasa ta bushe shi ake kira. Mutum ne da ba zai wuce famfo yana zuba ko ya toshe bai tsaya ba, ko a gidan gaisuwar mutuwa ne. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin Baba ya fito har ya gyara famfon tsakar gida da farar shaddarsa, ya naɗe hannun riga. Tun ranar Umma ta ce wannan ɗan albarka ne. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, abin da ya ja ni ke nan.

Ran Alhamis da yamma ya zo ɗaukata. Ina cikin ɗakin gilashi Farfesa ta aiko a kira ni, na ce masa ya zauna a bencin bakin ƙofa, yanzu zan dawo. Kun san Farfesa in ta kama magana. Da na dawo na same shi a zaune yana goge hannu da hankici, sai wani murmushi yake yi. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, Dakta. Haka yake kirana don tsokana, alhali ko digirin na biyu ban gama ba. Na jawo ƙofa na kulle ban ko leƙa ciki ba, don Umma ta riga ta kafa doka: ƙarshen makon nan nata ne, za mu wajen tela, za mu kasuwar labule, kuma kada ta ji sunan ganye.

Litinin da safe na sa doguwar rigata ruwan toka, na ɗora farar rigar aiki, na ɗaure mayafi ta baya yadda ba zai shiga min aiki ba. Na ɗauko almakashi da safar hannu da tulun ruwan sanyin nan yana hayaƙi. Ina buɗe ƙofa wani ƙamshi ya tare ni, ƙamshin jiƙaƙƙen ɓawon itace. Sannan kunnena ya jiyo ɗis, ɗis, ɗis, daga ɓangaren da bai kamata a ji komai ba.

Layin ƙishirwa ya sha ya ƙoshi. Karan da na bari a yamushe duk sun cika sun yi ɓul-ɓul, ganyen ya miƙe, ƙasan teburin har ruwa ya kwanta. Tsohon famfona da wayar da na ɗaure babu su. A wurinsu wani sabo ne fil, mai jan hannu, an naɗe masa farin zare tsaf, aikin gwani.

Ban yi ihu ba. Na ajiye tulun a hankali, na zauna a kan juyayyen bokiti. Sai ga wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya.

"Barka da safiya, Dakta. Kin ga saƙona? Ba na waya ba, na ɗakin furanninki."

Hoto ya biyo baya: famfon, da babban yatsansa a gefe.

"Na ga layi guda yana mutuwa, famfon ya ci tsatsa har wani ya ɗaure shi da waya. Ina da sabo a mota. Ban gaya miki ba don ki yi mamaki."

Wallahi na yi mamaki.

Jama'a, na sha gaya masa aikina. A mota, a falo, a waya. Ashe duk lokacin da yake cewa "uhm, Allah ya taimaka", fuskata yake kallo, maganar tana wucewa ta saman kansa. Na rubuta masa amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce, "Ka zo da azahar. Akwai magana."

Farfesa na fara nema. Ta zo ta tsaya a kan layin, ta zare tabarau, ta matsa kara ɗaya da yatsa biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na ji sauƙi.

"Wa ya yi wannan?"

"Baƙona ne, Farfesa. Ni na bar shi a nan."

"Mai tausayi ne," ta ce. "To, waɗannan sun tashi daga aiki."

"In na sake rufe musu fa? Ko na ɗan lokaci?"

Ta girgiza kai. "Wanda ya taɓa shan ƙishirwa ya warke, in kika sake hana shi, amsar wanda ya saba zai ba ki. Mu kuwa ta sabon shiga muke nema. Ga ƙananan can na ajiya. Sai sun ƙara girma, sannan ki faro daga farko."

Na yi lissafi a zuci. Kafin ƙananan su kai, su sha ƙishirwarsu a hankali, ranar auren ta wuce da nisa. Kuma ba aikin da ake yi daga nesa ba ne, kullum sai ka ɗora tukunya a sikeli ka ga ruwan da ya rage. Farfesa ta ga abin da nake lissafawa.

"Akwai wata hanya," ta ce. "Ki bar batun ƙishirwa, ki rubuta abin da kika samu a layin 'yan gata. Za ki samu takardarki, ba wanda zai hana ki. Tambayar dai ba ki amsa ta ba. Ki je ki yi shawara, ba zan zaɓa miki ba."

Ta fita ta bar ni da ɗis, ɗis. Na miƙa hannu na rufe jan famfon. Abin haushi, laushi gare shi, ko ƙara bai yi ba.

Da azahar ya iso, cikin shuɗiyar rigar aiki, da lemo mai sanyi guda biyu a leda. Na shiga motar na rufe ƙofa. Ya kalle ni yana jiran yabo, kamar yaron da ya share tsakar gida ba a sa shi ba. Sai da na ji tausayinsa, kuma tausayin ya ƙara min haushi.

"Injiniya, wayar da ka kwance, ni na ɗaura ta."

"Ke? Don me?"

"Don kada su sha ruwa."

"Amma mutuwa suke yi fa."

"Ba mutuwa suke ba, aiki suke yi. Na gaya maka. Na gaya maka a nan cikin motar nan, kana cewa Allah ya taimaka."

Na sake yi masa bayani tiryan-tiryan, wannan karon yana ji. Ina kallon fuskarsa tana sauka. Ya dafe sitiyari da hannu biyu ya ce, "Innalillahi. Garin neman ƙiba na samo miki rama." Ya ba ni haƙuri, kuma na yarda da haƙurinsa. Da a nan ya tsaya, da yau ba ku ji wannan labarin da zafi haka ba.

"Yanzu mene ne mafita?"

"In faro daga farko. Sai an ɗaga ranar."

"Dakta, kin san Hajiyata. Ta gaya wa duniya. 'Yan'uwanta na nesa har sun nemi hutu."

"Na sani."

Ya murza goshi, ya kalli gilashin gaba, ya rage murya kamar akwai wani a kujerar baya. "To ki yanka su haka mana. Ai sun sha ƙishirwar, watanni suna sha. Ki rubuta layin ƙishirwa ne. 'Yan kwanakin nan kawai... wa zai sani?"

Kun ji inda ya taka ni. Ruwan da ya zuba rashin sani ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu, na yafe tun kafin ya roƙa. Wannan kuwa da saninsa ya faɗa.

"Injiniya, in ka haƙa rijiya ka tarar ruwan ba shi da kyau, kana rubuta yana da kyau don mai gida na sauri?"

"Wannan daban, mutane ne za su sha."

"Wannan ma wani zai karanta ya yarda. Ya ɗora aikinsa a kai, ya ɓata shekarunsa yana neman abin da na san babu. Sunana ne a jiki."

"Fure ne fa, Dakta."

"Na sani. Nawa ne."

Na buɗe ƙofa na fita. Lemon ko taɓa shi ban yi ba. Bai kira ni ba, ni ma ban waiwaya ba, amma ina tafiya hawaye na zuba, ina goge su da bakin mayafi. Ina son mutumin nan, kada wata ta zo min da "ki rabu da shi kawai" a ƙasan rubutun nan. Da rabuwa na da sauƙi haka, da ban yi kuka a gaban masu gadin makaranta ba.

A gida na tarar da Umma ta baje labulayen da muka sayo a kan gadona, masu ruwan madara da zanen ganye a gefe, tana aunawa da hannu. Tela ya aiko da rigar ma, tana rataye a jikin ƙofar sif cikin leda, duwatsun wuyanta na ƙyalli.

"Zo ki gwada, Mai Ganye, in ga ko ya rage ƙugun."

"Umma, akwai magana."

Ta kalle ni sau ɗaya ta saki labulen. Na gaya mata aiki ya lalace, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, sai na sake, sai an ɗaga rana.

"Ruwa? Yau na ji ikon Allah. Kowa shukarsa fari ke kashe ta, ke taki ruwa ne ya kashe?"

"Haka aikin yake, Umma."

"Wa ya zuba?"

"Kuskure aka samu."

Ban faɗi sunansa ba. Ku tambaye ni dalili, ni ma ban gama sani ba. Wataƙila don na san in na faɗa, Baba zai tambayi abin da ya ce bayan nan, kuma ba na iya yi wa Baba ƙarya. Ba na so a ji "wa zai sani" a gidanmu, don irin wannan maganar in ta shiga kunnen iyaye ba ta fita.

Umma ta zauna a bakin gado. "Ke yanzu saboda Allah, yaro kamar wannan, mai ladabi, mai sana'a, ki ce ya jira ganye? Sa'o'inki suna goyon na biyu. In ya gaji ya tafi, ganyen ne zai aure ki?"

"Malamarmu ta ce zan iya karɓar takardar ba tare da wannan ɓangaren ba."

"To alhamdulillahi! Me ya rage?"

"Ba shi na je yi ba, Umma. Tun da na shiga makarantar nan tambaya ɗaya nake bi. In na tafi ban amsa ta ba, zan zauna a gidansa ina kallon labulen nan ina jin haushinsa, shi kuma bai san laifinsa ba. Gara ya jira ni da fushi, da in je masa da nawa."

Umma ta yi kuka, ta ce boko ya cinye mata 'ya. Ta kwashe labulayen ta fita da su, ta bar rigar a rataye. Na kwana ina juyi, waya a gefen matashi. Ko "kin isa gida lafiya" bai turo ba, abin da bai taɓa fashi ba tun da muka haɗu. Na ga yana kan layi, ya ga ina kan layi, kowa ya kama bakinsa.

Washegari na je makaranta na kwashe ƙananan tukwanen na jera su a sabon layi. Na auna kowacce na manna mata lamba. Na samo kwali na rubuta da manyan baƙaƙe, da harshen da kowa zai gane: KADA A BA SU RUWA, DA GANGAN NE. Farfesa ta wuce ta karanta, ta ce da tun farko haka na yi. Gaskiya ta faɗa.

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune a baranda kan kujerarsa ta katako, rediyo a kashe, alamar maganar babba ce. Umma na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na durƙusa.

"Uwarki ta gaya min. Wa ya zuba ruwan?"

"Baba, ka yi min afuwa, ni na bar ƙofa a buɗe."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Baba ba yaro ba ne, ya san sana'ar wanda ke zuwa ɗaukata. Bai sake tambaya ba.

"Na ba mutanen nan magana. Ban taɓa ba da magana na janye ba, kin sani."

"Na sani, Baba."

"In na kira su, duk abin da suka ce shi ke nan. Suna iya cewa sun ji, suna iya cewa a bar shi gaba ɗaya. Ba zan roƙi kowa ba, kuma ba zan kira sau biyu ba. Kin yarda?"

Umma ta ce, "Malam, kada ka biye mata!"

Na tuna murmushinsa, na tuna ƙananan tukwanen da na jera da safe. Ina tsoro, wallahi ina tsoro, amma tsoron bai canza amsar ba.

"Ka kira su, Baba."

Ya ɗauki wayar, ya nisanta ta da ido yana neman lambar kawun Injiniya, ya danna. Suka gaisa, gaisuwar manya mai tsawo, iyali da aiki da gajiya, ni kuwa ina durƙushe ƙafata ta yi tsami. Baba ya ce, "Dama wata 'yar magana ce ta taso a kan yaran nan..." Can ɓangaren aka karɓe maganar. Baba sai "to" yake cewa, "to... ikon Allah... to." Girarsa ta ɗaga, ya kalle ni, ya kawar da kai. Umma ta matso har tana taka min gefen riga.

Da ya ajiye wayar sai da ya cire tabarau ya goge da bakin riga, don dai ya ja mana rai.

"An riga mu. Yaron ya je tun jiya ya tara su. Ya ce shi ya yi ɓarnar da hannunsa, kuma ya ƙara da wata maganar banza da yake jin kunyar maimaitawa. Ya ce a ɗaga ranar, in ba haka ba shi ba zai iya haɗa ido da ke ba."

Umma ta ce, "Shi ya zuba? Ɗan albarkan?" Ta zauna a dandamali ba shiri.

Ni kuwa na sunkuyar da kai, don kada Baba ya ga abin da fuskata ke yi. Daɗi ya cika ni.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Baba. "Tsugune ba ta ƙare ba. Kawun ya yarda, uwar yaron ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Gobe da hantsi za ta makarantarku da ƙafarta, ta ga ganyen da aka ce ɗanta ya jira."

Na ɗago. Na san Hajiya: macen da in ka shiga gidanta ba ka fita sai ka ci ka sha, wadda ko kyanwar maƙwabta ta ji tana kuka sai ta zuba mata madara. Wurinta ɗan ya gado. Ita ce gobe za ta tsaya a gaban ƙananan tukwanena.

"Ta zo, Baba, ina maraba da ita," na ce. "Amma don Allah ka sake kiran su sau ɗaya tak. A gaya mata ko ruwan gora ne, a mota za ta bar shi."